Shekarar da Aka Sa wa Gidanmu Suna Gidan Bidon

Kun taso kuna jin ana kiran gidanmu Gidan Bidon, har ɗan kabu-kabu in kun ce ya kai ku can ba ya tambayar hanya. Kwanaki jikata ta dawo daga lakwal, wato makaranta, tana kuka, wai wata ta ce mata sunan ya samo asali ne tun lokacin da kakarta ke ɓoye baƙin haure, 'yan sanda suka zo suka kama ta. Na share mata hawaye. Na ce 'yan sanda kam sun zo, wannan gaskiya ne, amma ba su tafi da ni ba, ni na bi su da ƙafata. Tun ranar na ce gara in zauna a rubuta muku wannan shekara yadda ta kasance tun ina da bakin faɗa, don na lura labari in ya tsufa a Agadas kowa sai ya ɗinka masa aljihu.

Babanku ya rasu ya bar ni da ku, da wannan gida na ƙasa a tsohon gari, wanda in an hau samansa ake ganin hasumiyar babban masallaci. Gidan gado ne. Kakanku ya bar wa 'ya'yansa maza biyu, babanku da wansa, wato baffanku Alhaji. Shi Alhaji ya daɗe da gina nasa na siminti a bayan gari, yana da shago a kasuwa, yana kuma da kamiyo, babbar mota mai kai gero da albasa Dirku ya dawo da gishiri da dabino. Gidan nan a wurinsa tsohuwar laka ce mai cin yaɓe kowace damina. Ban gama takaba ba ya fara kawo masu saye suna leƙa ɗakuna suna ƙwanƙwasa azara. Abin da ya tsayar da shi Gwaggo Tamu ce, ƙanwar kakanku, wadda ita ce babba a dangi a lokacin. Ta tara su ta yanke magana.

"Muddin matar nan na zaune da marayu cikin mutunci, ba mai taɓa gidan yayana. Ran da ta jawo mishi abin kunya, ku saida, babu ruwana."

Ni na riƙe rabin farko na maganar, Alhaji kuwa ya riƙe na biyu ya adana.

Sana'ata kun san ta, dukanci, ita na gada wurin uwata. Da Turawa masu yawon buɗe ido ke zuwa, alabe da jakar fata ba sa kwana a hannuna. Da suka ɗauke ƙafa sai ya rage mini matasan fata na ɗakin amare, su kuwa amare ba kullum ake yin su ba. Shi ya sa na gyara ɗakin da ke jikin zaure, mai ƙofa ta waje, na ce in an samu mai haya a kawo. Wanda aka kawo shi ne Malam Hamidu, mutumin Tanut, mai facin taya a bakin tasha. Dogo ne, ramamme, rana ta ƙone masa fuska, leɓɓansa kullum a tsage. In ka gaishe shi zai amsa, amma idonsa yana can bayanka kamar yana jiran wani ya ɓullo. Kayansa tabarma ce da buta da ƙullin tufafi. Ban ce ga mutumin kirki ba da na gan shi, ban kuma ce ga mugu ba. Mu dukawa ba ma yabon fata a rataye, sai an jiƙa ta an ja an ga inda za ta yage. Na ba shi makulli, ya ce Allah ya saka, iyakar hirarmu ke nan a ranar.

Bai yi nisa da zama ba bidon, wato jarkokin roba, suka fara shigowa. Tsofaffin bidon na man girki ne, masu ruwan ɗorawa, yakan sayo su a kasuwa ya rataya a kafaɗa. Sai ya zauna bakin famfo ya wanke su da toka da sabulu har ƙanshin mai ya fita, ya shanya. Bayan la'asar in ya dawo daga aiki sai ya ja ƙofarsa, amma ana jiyo shi yana yanka buhun algarara yana ɗinke kowane bidon a ciki da basilla. In sun taru ya cika su da ruwa, da safe amalanken jaki ya zo ya kwashe. Ba ya faɗin inda za su, ba wanda ya ga ya karɓi ko dala a kansu.

To, ku da kuke ƙanana ba za ku gane nauyin wannan ba sai na tuna muku wane lokaci ne. Shekarun ne da aka hana ɗaukar baƙin da ke ratsa Agadas za su Libiya. Aikin da rabin gari ke ci da shi a fili ya wayi gari laifi. Ana kama matuƙan da ke ƙetarar da su, waɗanda ake ce wa paser, ana ƙwace motoci, gidan da aka samu ana ajiye baƙi a ciki, wanda ake ce wa geto, a rufe shi a tafi da mai shi. Kuma ko yaron goye a garin nan ya san bidon ɗinke da buhu kayan mai ƙetare hamadar Tenere ne, don buhun shi ke hana rana fasa robar, in an jiƙa shi kuma ruwa ya yi sanyi. Saboda haka duk wanda ya ga amalanken nan a ƙofarmu ba ya buƙatar a ce masa komai, shi yake ba kansa labari ya kuma gaskata.

Wadda ta fara kawo mini nata labarin Azara ce, maƙwabciyarmu, ƙawata tun muna amare. Mace ce mai alheri, amma Allah ya ba ta ido mai ganin abin da ke bayan bango. Ta shigo ta zauna kan turmi ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Mariama, ke kam kin iya kwana da wuta. Wanga mutum naki paser ne, wallahi. Yana da geto can bayan filin jirgi, mutane cike da ɗaki kamar buhunan gawayi."

Na ce, "Kin gani?"

"Mi zan gani? Ruwa ba ya tsami banza. Ke ba ki ga idonshi ba? Idon wanda ya bar mutane cikin rairayi ne."

Na ce mata ni dai bidon na gani, ban ga mutum ba. Ta tafi tana cewa ta dai fita haƙƙin maƙwabtaka.

Sai kuma ga abin da ya ƙara wa wutar itace. Wata rana Malam Hamidu ya yi sallama daga zaure, ya tambaya ko ina da ragowar jar fata, guntayen da nake zubarwa. Na tara masa cikin ƙwarya. Ya yanka su sirara, ya riƙa ɗaura ɗaya a wuyan kowane bidon. Kafin Juma'a ta zagayo, unguwa ta kasu uku. Masu cewa paser ne suna nan kan bakansu. Wasu suka ce a'a, boka ne, jar fatar laya ce, ruwan kuma na tsubbu ne da masu haƙar zinariya a Jado ke saye don ƙasa ta buɗe musu. Kashi na uku kuwa, su ne suka fi ba ni dariya, suka ce ai duk wannan rufa-rufa ce, bazawara ce ta samu mijin ɓoye, fatar ma toshi ce. Ni da furfura ta riga ta cika mini goshi! Kowane kashi yana da hujja, kowane yana da wanda ya rantse, amma duk cikinsu ba wanda ya taɓa tsayawa ƙofar mutumin nan ya ce, Malam, mene ne wannan?

Ni na tambaye shi. Ba jarumta ba ce, gidana ne, kuma ina da haƙƙin in sani. Na sa aka kira shi zaure da hantsi, na zauna daga ciki, na ce, "Malam Hamidu, ni mace ce mai marayu, gidan nan kuma a kan siraɗi yake. Ka faɗa mini ina ruwan nan yake zuwa."

Sai ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce shi matuƙi ne a da, tun aikin yana halal ga kowa, yana kai fasinja Dirku da gaba. Wata tafiya motarsa ta yi pan, ta mutu murus a tsakiyar Tenere, iska ta rufe sawu, ruwa ya ƙare. Suka riƙa sha da murfin bidon, daga baya murfin ma babu abin zubawa. Da ayarin da ya tsince su ya iso, mutane da yawa sun riga sun cika, cikinsu har da ƙanensa da ke taya shi aiki. Shi Allah ya bar shi. Tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Ya ce a hanyar akwai tsofaffin tayu da gangunan ƙarfe da aka kakkafa don nuna wa matuƙa hanya. Shi ne yake ba wasu masu manyan motoci bidon ɗin, in sun kai wurin alama su binne shi a gindinta, su bar jar fatar a waje tana kaɗawa. Wanda ƙishirwa ta kai shi nan, in ya ga ja, ya tona.

"Ban san wa ke sha ba, Hajiya," ya ce. "Ba na son in sani. Ni dai in na kwanta in tuna akwai ruwa a wurin, sai barci ya zo."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na ce to ai sai a faɗa wa mutane su huta su bar mu mu huta. Nan ya ɗago ya dube ni sosai, karon farko.

"Don Allah kar ki faɗa. Yanzu ko ruwa ka aje a hanya ana iya cewa 'yan paser ka aje wa. In magana ta fita za a nemi motocin da ke kaiwa, a ƙwace, mutane masu iyali su rasa abinci saboda ni. Na ba ki amana."

Na karɓa. Ban san sunan matuƙi ko ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Na fito zauren nan da gaskiya a cikina wadda ba ni da ikon furtawa, kuma na gane daga ranar za a yi ta jifana ba ni da abin karewa.

Haka kuwa aka yi. Wata da ta ba ni aikin matasan ɗiyarta ta aiko a mayar mata da fatunta, wai ta canza shawara. Aka yi suna a bayan gidanmu ba a aiko mini goro ba. Azara ta daina shigowa, sai dai ta leƙo ta katanga ta ce Allah ya kyauta. A lokacin ne yara suka fara kiran gidan Gidan Bidon, suna faɗa suna gudu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ku, in kun dawo daga waje kuna dubana kuna jiran in ce ƙarya ne, ni kuwa abin da nake iya cewa kawai shi ne ku ci abinci.

Magana ta kai kunnen Alhaji, ko in ce ta same shi yana jira. Ya zo da babbar riga ya tsaya a tsakar gida, ya ƙi zama.

"Bon, Mariama, magana ɗaya ce. Ki kori wanga mutum yau. In aka rufe gidan ga, har rabona za a rufe."

Na ce, "Yaya, me ya yi?"

"Gari duka ya san abin da ya yi."

"Gari ya gani, ko gari ya ji?"

Ya ce ba gardama ta kawo shi ba, kuma in ban kore shi ba, zai je ya wanke kansa wurin hukuma, daga nan ya wuce wurin Gwaggo. Malam Hamidu yana jin komai daga ɗakinsa. Da Alhaji ya fita sai ga shi da tabarmarsa a naɗe da butarsa a hannu, ya ce zai tafi, ba zai zama sanadin raba marayu da gidan ubansu ba. Wallahi zuciyata ta so in bar shi ya tafi. Ina tsoro, tsoron da ke hana cin tuwo. Amma na duba na ga in ya fita da tabarmar nan a ranar, na sa hannu ke nan a kan duk abin da aka faɗa, ba kuma mai sake ba shi ɗaki a Agadas, ruwan nan ya tsaya. Wani yana can zai iso gindin taya ya tona ya tarar da rairayi. Na ce masa, "Mayar da tabarmarka. Ni na ba ka makulli, ban kuma ce ka kawo ba."

Bayan kwana kaɗan 'yan sanda suka zo, da hantsi, unguwa duk ta fito kallo. Ba su ci mutuncin kowa ba. Sun yi sallama, sun duba ɗakuna har rumbu, ba su samu kowa ba sai ku da akuya. Amma a ɗakin Malam Hamidu ga bidon jere, ɗinkakku, cike da ruwa. Suka tambaye shi na wa ne, ya ce nasa ne. Ina za su? Ya yi shiru. Wa ke ɗauka? Ya yi shiru. Suka ce to sai ya zo komisariya, wato ofishinsu, ya yi bayani. Aka sa shi a mota da bidon ɗinsa, mutane suna ta kaɗa kai irin na mun faɗa. Kafin azahar Gwaggo Tamu ta aiko cewa in shirya, dangi za su zauna bayan Juma'a a kan maganar gida.

Na zauna a tsakar gida ina tunani. Na yi alkawari ba zan faɗi abin da yake yi ba. Amma ban yi alkawarin ɓoye inda yake ba, wannan kuwa duk unguwa ta gani. Na ɗauki mayafina na nufi tashar manyan motoci, wurin da mace irina ba ta da abin yi. Na tarar da matuƙa a inuwar wani kamiyo sun kewaye tukunyar shayi. Na yi sallama, suka amsa suna mamaki. Na ce, "Ni ce mai gidan da Malam Hamidu mai faci yake haya. 'Yan sanda sun tafi da shi da bidon ɗinsa. An tambaye shi masu ɗauka, ya ƙi faɗa. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Kowa ya san abin da zuwa komisariya ke nufi ga mai mota a wannan lokaci. Can wani baƙin Buzu mai rawani shuɗi ya ajiye kofinsa ya miƙe. Ban san shi ba a lokacin, daga baya na ji sunansa Agali.

"Shi ya rufe bakinshi don mu, mu kuma mu zauna muna shan shayi? Inna, wuce mu tafi."

Wani ya tashi, wani ma ya tashi. Na juyo na kama hanya, ina jin takunsu a bayana. Ban waiwaya ba sai da muka kai, sannan na ga ashe mun zama ayari, har da masu lodi da ban san lokacin da suka biyo ba.

Muka tarar da Alhaji a ofishin komiser, ya zo ba da shaida a matsayin mai rabin gida. Yana zaune kan kujera yana bayanin yadda ya yi ta gargaɗina na ƙi ji. Malam Hamidu yana tsugune a gefe, ga bidon ɗaya a kan tebur an kawo shi shaida. Komiser, shugaban 'yan sandan, mutum ne mai natsuwa, ya dubi taron ya ce mutum ɗaya ya yi magana. Agali ya matso. Alhaji ya gan shi ya ɗaure fuska, ya ce, "Kai kuma mi ya kawo ka nan? Ba lodi kake ba?" Agali bai kula shi ba. Ya ba komiser labari tiryan-tiryan, yadda ake binne ruwan da inda ake binnewa, ya ce ba paser ake ajiye wa ba, duk wanda Allah ya kai ne, soja ko mai zinariya ko mai raƙumi. Sai wani dattijo daga baya ya ciro makullin motarsa ya ɗora a tebur kusa da bidon ɗin. A jikin makullin akwai 'yar jar fata da ta koɗe, na gane guntun fatata ce tun daga nesa. Ya ce a watannin baya motarsa ta mutu da fasinja, mata da yara, wannan ce ta nuna musu inda za su tona, kuma har ranar bai san wanda ya ajiye ba. Ya juya ya dubi Malam Hamidu. Malam Hamidu ya sunkuyar da kai ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Komiser ya ɗauki alƙalami ya ce wa Agali, "To, kai da kake kaiwa, a wace mota?"

Agali ya nuna da hannu. "A kamiyon Alhaji ga shi nan zaune. Ni ne matuƙinshi. Ai mu muka fi kowa ɗauka, don motarmu ta fi wuri."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kala irin ta baffanku ba. Komiser ya juya gare shi a hankali, ya ce, "Alhaji, kai ka kawo ƙara cewa kayan paser ne. In haka ne, motar da ke ɗauka ita ma sai ta kwana nan. Me ka ce?"

Alhaji ya miƙe tsaye har hularsa na neman faɗuwa.

"Wane paser? Ranka ya daɗe, ruwa ne! Sadaka ce! Wanga bawan Allah mutumin kirki ne, a gidanmu yake, mun san shi!"

Dariya ta ɓarke har waje, 'yan sandan da ke bakin ƙofa ma sai da suka juya baya. Ni ban yi dariya ba, na dai gyara mayafina. Amma daɗin da na ji a ranar, ko ranar da na sauka daga jirgin Makka ban ji irinsa ba, Allah ya yafe mini in na yi saɓo. Komiser ya ƙara yin tambayoyinsa, ya aika aka duba abin da zai duba, kafin la'asar ya ce ba a samu baƙo ko ɗaya ba, shi kuma bai san dokar da ta hana ba mai ƙishirwa ruwa ba. Ya ce a mayar wa mutum da kayansa. Matuƙan suka ɗauki bidon ɗin a kafaɗa, muka ratso kasuwa da su har ƙofar gida, ni a gaba. Unguwar da ta fito kallon tafiyarmu ita ta fito kallon dawowarmu.

A zaure Malam Hamidu ya tsaya, ya ce, "Hajiya, amanata fa?" Na ce, "Tana nan yadda ka ba ni. Inda kake kawai na faɗa, saura su suka faɗi abinsu." Ya yi ɗan murmushi, wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya shiga ɗaki ya ɗauko basilla.

Washegari Azara ta shigo da kwanon fura, ta zauna kan turminta na da.

"Ni dama na faɗa, Mariama. Na ce idon wanga mutum idon wanda ya ga abu ne."

Na ce haka ne, kin faɗa. Na karɓi furar, don ƙawa ta shekaru ba a yar da ita saboda baki. Taron dangi kuwa an yi shi, amma bai kai tsawon shan shayi ba. Gwaggo Tamu ta sa aka ba ta labarin komisariya sau biyu, wurin "ruwa ne, sadaka ce" tana dariya har da tari. Sannan ta dubi Alhaji ta ce, "Na ce ran da ta jawo wa gidan yayana abin kunya a saida. To, wa ya ga abin kunya?" Ta ce a kawo mata takalmanta.

Malam Hamidu ya zauna da mu har ƙarfinsa ya ƙare, ya koma Tanut wurin danginsa. Aikin bai tsaya ba, matuƙa suka ɗauke shi, kuma har yau a ɗakin nan na jikin zaure ake ɗinki. Idona ya yi rauni, na bar yin alabe, amma yanka jar fata sirara ba ya son ido, hannu ya riga ya sani. Don haka duk wanda ya ce muku 'yan Gidan Bidon, ku amsa da ƙarfi. Da zagi aka sa sunan, ni kuma na ƙi a canza shi.

Baffanku bai taɓa ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne, ni ma ban nema ba. Bai kuma sake kawo mai saye ba. Amma bayan abin da kamar wata guda, sai ga amalanke a ƙofarmu cike da bidon na mai, wankakku tas, da ɗaurin buhun algarara sabo. Na tambayi mai jakin daga ina. Ya ce daga shagon Alhaji, wai a ce wa Mariama tarkace ne suna tare masa wuri, ta yi yadda ta ga dama da su. Wata na zagayowa sai ga wani amalanken, da saƙo iri ɗaya. Shagon nan na san shi, mai ba ya cikin abin da ake sayarwa a ciki. Har Allah ya karɓi ran baffanku tarkacen nan ba su daina tare masa wuri ba.